Ƙofofin Ruwa Talatin

Birmingham, 4 ga Maris

Yaya Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Baba, ya kasuwa? Na rubuto ne saboda Baba ya ce maganar waya iska ce, a rubuta a karanta masa, don haka na rubuta a takarda na turo maka hotonta.

Tun da likitan can wurinku a Guangzhou ya ce hawan jinin idon zai cinye ganinsa kafin shekara ta zagayo, na kasa sukuni. Ina so ya ga wani abu kafin nan. A ƙasar nan akwai hanyoyin ruwa da mutane suka haƙa da hannu shekaru fiye da ɗari biyu, ana kuma ba da hayar wani siririn jirgi mai ɗakin kwana da kicin, kai ne direbanka. Faɗinsa da kaɗan ya ɗara tsayin mutum. Na kama mana na kwana bakwai a watan Yuni, takardun bizarku kuma suna tafe.

Saura zaɓen hanya, kuma biyu ce. Ta farko tana kusa da mu, jirgi yana hawa tudu ta ƙofofin ruwa talatin a jere. A shiga da jirgi wani ɗaki marar rufi, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa daga sama, sai jirgin ya yi ta tashi har ya daidaita da ruwan gaba. Ta biyu tana Wales, inda ruwan yake bi ta kan wata gada a sama, kogi na gudu can ƙasa. Na tsaya a kanta makon jiya.

Mutumin da ya yi shekara hamsin yana tuƙa kwale-kwale a Yawuri ya cancanci ganin wannan. Ku zaɓa.

Ƙanwarka,
Radiyya

Xiaobei, Guangzhou, 11 ga Maris

Radiyya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Ban ga abin zaɓe ba a nan. Ni da nake loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu kullum na san tafiyar jirgi. A kwana bakwai jirginmu ya wuce Singafo da nisa. Ƙasar taku duka nawa take? Mu bi ta ƙofofin da safe, mu ci abincin rana a gadar, sauran kwanakin mu zagaye ƙasar mu dawo.

Baba kuwa sau uku ya sa na maimaita masa zancen ƙofofin. Ya ce ƙarya kike, ruwa gangara ya sani. Daga baya ya sa na kawo robar wanki, ya jefa silifas ɗina a ciki, ya ce in riƙa zuba ruwa da buta a hankali. Ya ɗora tafinsa a kan takalmin yana jin tashinsa. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Mu da muka karya kafaɗu muna haura duwatsu da kwale-kwale da rani, ashe ruwan da kansa zai iya ɗaukar kayan." Da jiƙaƙƙen silifas na je masallaci ranar.

Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Abdulhakeem

Birmingham, 18 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na yi dariya har maƙwabciyata ta buga bango. Jirgin nan tafiyar ƙafa yake yi, Yaya. Tsohuwa mai yawo da karenta a bakin ruwa tana wuce shi ta ɗaga maka hannu. Ƙofofin nan talatin kaɗai wuni guda ne, kuma da hannu ake murɗa kowacce a tura. Ajiye lissafin Huangpu a Huangpu.

Tunda hanya ɗaya za mu iya, na yanke: gadar. Ƙofofin aiki ne da bango mai gansakuka, babu abin kallo. Gadar kuwa tsayinta ya kai bene hawa goma sha biyu, kuma ta ɓangaren ruwan babu shinge, ka leƙa daga jirgi sai sarari da kan bishiyoyi. Na turo hotuna takwas a wayarka. Ka nuna masa da rana, kusa da taga, ka faɗa mini abin da ya ce kalma da kalma.

Ya idon? Ba ka ce komai a kai ba.

Taka,
Radiyya

Xiaobei, 27 ga Maris

Radiyya,

Salamu alaikum. Wannan taki ce ke kaɗai, Baba bai san na rubuta ba.

Na ba shi wayar a bakin taga kamar yadda kika ce. Ya riƙe ta yana yabo, yana cewa kai, dubi tsayi, dubi kore. Na zagayo bayansa don in wuce masa hoto na biyu, sai na tarar fuskar wayar ta mutu tuntuni. Baƙin gilashi yake yabo, Radiyya. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Washegari na mayar da shi asibiti. Na roƙi likitan ko da sauran wani magani, ya girgiza kai ya ce "meyo", kalmar da masu shago suke faɗa mana idan kaya sun ƙare. Ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Haske da duhu kawai Baba yake bambancewa, kuma ya kai mako uku yana ɓoye mana, wai kada ki fasa.

Amma ki ji abin da ya faru a hanyar dawowa. Ya ce yana jin ƙanshin kogi, sai na hau da shi jirgin fito da ke tsallaka da mutane. Muna tsakiyar ruwa ya cire takalmi ya tsaya a kan ƙarfen jirgin, ya ce, "Abdulhakeem, kogin nan baya yake komawa." Na ce Baba, kogi ai ba ya komawa baya. Ya ce in tambaya. Na tambayi wani ma'aikacin jirgin da guntun Sinancina, ya ce gaskiya ne, teku ce take turo ruwan sama sau biyu a rana, yanzu ta fara. Ya dubi Baba ya ɗaga masa babban yatsa. Shekara tara ina garin nan da idona biyu ban sani ba. Na riƙe hannunsa kamar yau na fara saninsa.

Ban san abin da zan ce miki game da gadar ba.

Yayanki

Birmingham, 28 ga Maris

Yaya,

Na amsa sallama. Na yi kuka har na kasa zuwa aiki. Na makara, shi ke nan. Ba zan kai shi saman gada in tsaya ina ba shi labarin abin da ba ya gani ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ranar Litinin zan soke hayar. Ka ce masa jirgin ne bai samu ba. Kada ka karanta masa wannan.

Radiyya

Xiaobei, 30 ga Maris

Zuwa ga 'yata Radiyya, daga mahaifinki Tankari. Yayanki ne yake rubutawa, ni nake faɗa.

Gaisuwa da sa albarka. Yayanki bai iya ƙarya ba, numfashinsa ya tona shi, na sa ya karanta mini.

Kada ki soke komai. Idona ya ga ruwa shekara saba'in, ya ƙoshi. Ƙafata ce ba ta taɓa jin ruwa ya ɗauke ta ya hau tudu da ita ba. Gadar ki bar wa masu ido. Ni ƙofofin nake so. Ki tsayar da ni a bayan jirgin babu takalmi, ki ɗora hannuna a kan sandar juya shi, ke ki tsaya kusa da ni kina cewa dama ko hagu, kamar yadda kike yi kina ƙarama ba wanda ya tambaye ki. Murɗa ƙofofi aikin yayanki ne, an ce mini ya yi teɓa.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa mu da alheri.

Mahaifinki

Radiyya, ni ne. Na ajiye biro ya ce in ɗauka in ƙara tambaya ɗaya: wai duk ƙasar babu hanyar da ƙofofinta suka fi talatin?