Tsokar da Ke Cikin Kwalba

Daga Labaran a Masar zuwa ga Yaya Salmanu a Kuyello. Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyar Inna da 'yata Habiba? Da fatan dawa ta yi kyau bana.

Ni lafiya lau, sai dai ayarin hajji ya wuce ya bar ni. Kumburin nan na wuyana, irin wanda ya tafi da Baba, masu maganin nan sun ce sankara ce. Sun yanke shi, ga wani yana tsirowa. Kada Inna ta ji.

Yaya, kaina ya ɗaure. Babban masu maganin ya sa tsokar da suka yanke a kwalba, kullum yana leƙenta da wani madubi. Na ce ya ba ni in binne, yadda muke yi. Ya roƙi in bar masa, wai su ma neman maganin cutar suke, ko na baya za su amfana. Na tuna Habiba, na ce ya jira in yi tambaya.

Ka tambayar mini Malam Ja'afaru: barin tsokar sadaka ce ko laifi? In amsa ba ta iske ni ba, ka riƙa duba wuyan yarinyar nan.

Allah ya sada mu da alheri.