Kunun da Kika Daina Sha

Zuwa gare ki Liatu, matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar Bauchi ta take, ruwan farko da ke sauka a gonarmu ta Inkil bayan ƙasa ta gaji da jira.

Na rubuto ne ƙanwarki Cecilia ta karanta miki, domin a ɗakin mata na asibiti bakina mutuwa yake yi. In na buɗe shi, kuka ke riga magana fitowa.

Liatu, har yaushe za ki ƙi kununa? Kullum da safe nake damawa, in hau keke daga Tirwun, in tarar kin rame har zoben aurenmu yana yawo a yatsarki, ki dube ni da idanun nan da suka hana ni sukuni tun ina saurayi, sannan ki juya fuska bango. Na Cecilia kina sha. Na matar gadon kusa ma kina karɓa. Nawa ne kaɗai ke komawa gida a sanyaye.

Na san dalili. Tun da likitoci suka ce ciwon ya ci hanta, sai dai addu'a, kawuna ya zo daga ƙauye da ƙullin garin magani wanda aka yanka wa baƙin zakara a gindin tsafin kakanninmu. Ya rantse ya ga maganin ya tayar da waɗanda aka fid da rai da su. Kika ƙi. Ya ja ni waje ya ce ba sai mara lafiya ya sani ba, a barbaɗa a kunu. Ashe kin ji ta taga, da kunnen nan naki da ke jin na buɗe tukunyar nama ko kina bayan gida.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙullin yana aljihuna har jiya. Ina dama kunu, hannuna yana kai kansa can. Wane miji ne zai ga fitilar gidansa tana mutuwa, a miƙo masa mai, ya tsaya tambayar inda aka samo? Na yi fushi da ke. Na yi fushi da Yesu ma, Allah ya gafarta mini, don na ga kina sonsa fiye da ni, fiye da 'ya'yanmu, fiye da numfashin da ke ƙirjinki.

Amma ai kin gaya mini tun farko! Kin tuna taron zumuntar mata a cocin Yelwa, kin rungume tulu kina bugawa, ido a rufe, muryarki ta danne ta kowa? Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ranar da na fara zuwa zance kika ce mini ni ne na biyu, kuma na biyu zan zauna. Na yi dariya, na ɗauka yangar 'yan mata ce. Sai a kan gadon nan na ji sauran maganar: “Obadiya, rai aro ne, ƙaunar Yesu kuwa tawa ce. Kada ka sayo mini kwanaki da ita.”

Jiya na kwance ƙullin na zubar a kwata, na wanke hannu da sabulu. Kawu ya ce in kin tafi jininki yana kaina, kuma dangi ba za su ƙara taka ƙofata ba. Wataƙila ranki na zubar da hannuna. Ban sani ba, bangaskiyata ba ta kai taki ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Abin da na sani shi ne, in na dawo da ke gida ta wannan hanya, ba Liatu na dawo da ita ba.

Gobe zan zo da safe. Gero ne da tsamiya da ɗan sukari, tsululu kamar yadda kike yi mini tsiya a kai. Zan fara sha a gabanki. Ki karɓa ko da kurɓi ɗaya ne, rabin raina. In dole sai kin tafi wurin wanda kika fi so, na haƙura, amma kada ki tafi kina tsoron hannuna.

Naki, na biyu a zuciyarki, mai riƙe da alkawarin da ya ɗauka a gaban Allah da jama'a har ranar da za a kwantar da shi kusa da ke,

Obadiya