Kada a Kwashe Ƙasar Filin Kokawa

Daga birnin Oslo, can ƙasar waje, zuwa ga Mushtaƙ a garinmu Gujranwala.

Assalamu alaikum. Ya mahaifiyarka da ciwon gwiwa? Ya yara? 'Yata Nasrin ce ke rubuta min wannan, na hana ta sassauta ko kalma guda.

Ni lafiya lau, ɗaki da ɗumi, abinci ba laifi. Sai dai wata biyar tafin ƙafata bai taɓa ƙasa ba, likita kuma ya cika surutu a kan ƙirjina.

An ce min za ku kwashe ƙasar filin kokawar makaranta ku shimfiɗa katifar roba, wai da yardarka. Kai, Mushtaƙ! Shekara talatin da ɗaya ina tankaɗe ƙasar nan, ina shayar da ita mai da kurkum da tsala, don kada ƙurji ya kama ɗan kowa. A cikinta na koya maka tsayuwa kana jan majina. Ranar da shugaban makaranta ya ce min, "Baba, ba ka da takarda, a je a huta," ya miƙa maka aikina, na sakar maka filin. Na ɗauka a hannun ɗana na bar ƙasar filin.

Allah ya yi wa 'ya'yanka albarka, su ba ruwansu. Kai kuwa ka ji da kyau. Na gaya wa Nasrin gida za a maida ni, ko a zaune ko a kwance. In ka bari aka zubar da ƙasar nan a kwata, kada hannunka ya taɓa makarata.

Malaminka,
Fazal Din