Cittar Baba a Buhunan Shinkafa

Narayi, Talata da hantsi.

Kawu, ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali da zaman Gana?

Hankalina bai kwanta ba. Cittar da Baba ya aiko maka tana tsare a kan iyaka. Ni na tabbatar masa ba a biya wa amfanin gona kuɗin fito tsakanin ƙasashen yankinmu, haka muka karanta a makaranta. Ashe a tsofaffin buhunan shinkafar waje ya zuba ta, yadda ya saba. Kwastan suka ga rubutun, suka ce sai shaidar cewa a nan aka noma ta. Baba ya ce, "Su shinshina mana!"

A gaida Inna, a sa mu a addu'a. Ban san wa ke ba da shaidar ba, ban kuma san ko an lulluɓe motar da ta ɗauki cittar ba, ga damina.