Zayyanar Allon Baba a Jikin Dankali

Assalamu alaikum, Yaya Habi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai, alhamdu lillahi.

Ran Laraba a ajinmu na manyan mata a Bagwai, Malama ta koya mana buga ado a ƙyalle. Ana raba dankali biyu, a sassaƙa shi da reza, a shafa fenti, a danna. Wasu suka yi tsuntsaye. Ni kin san ba na zana mai rai, sai na ce bari in gwada zayyanar allon saukar Baba. Tun da gara ta cinye allon nake tsoron kada kamanninta su ɓace mini.

Na farko ya lalace, don layukan na bi na ƙwaƙule, kamar mai jan alƙalami. Malama ta yi dariya ta ce, "Inna, gefen ake cirewa, a bar layin a tsaye." Na sake wani.

Da yamma na kai wa Gwaggo ƙyallen, tunda ita kaɗai ta rage cikin 'yan'uwansa. Ta matso da shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ita ce, Saude. Amma tasa tsakiyar ja ce." Yaya, na ji sanyi a raina. Zan nemo jan fenti in buga miki naki.

Ki sa Baba a addu'a, Allah Ya jiƙansa, mu ma kada ki manta da mu. A gaida mini kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Saude