Dutsen Taimamar Yaya

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya yara?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Wanke-wanken otal ya ɗan farfasa mini hannu, amma da sauƙi.

Kin ji, na ari bakin marigayi Yaya. Har ciwo ya hana shi tashi alwala, "da sauƙi" kawai yake ce mini a waya. Ranar da na fashe da kuka, dariya ya yi: "Ke, ni na huta da ruwan sanyi! Dutse nake shafawa in yi sallata a kwance." Allah ya jiƙansa.

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da dutsen taimamar nan da ke ƙarƙashin matashinsa. Don Allah, Inna, kada a wanke shi.

Taki,
Auta