Sunan da Na Kasa Faɗa a Ƙofar Bariki

Gure, ranar Talata

Zuwa gare ki uwar ɗakina, inuwar dabinon da nake hutawa a ƙarƙashinta shekara talatin da huɗu, ruwan kwarin da bai taɓa ƙafe mini ba ko a tsakiyar bazara. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kwana goma sha ɗaya bai ji motsin tsintsiyarki a tsakar gida ba. Yaya Bune? Yaya surukarmu Salima da jikin jego? Yaya kuma ƴar baƙuwar da ban gani ba tukuna, amma ta riga ta hana ni zama wuri ɗaya?

Tun ranar Juma'a da kika bugo salula kika ce an sauka lafiya, an samu mace, hankalina bai koma mazauninsa ba. Na je garka na shayar da fangalin albasa sau biyu, na bar tumatir da ƙishirwa. Na tare Husseini maƙwabcinmu na yi masa albishir, ya ce wannan ne karo na uku. Ni Inusa, yau ni ne da jika! Sai dai a ƙarshen maganarki kin ɗora mini kaya. Kin ce in je barikin soja in zo da uban ɗiya kafin ranar suna, kada ki ga ƙafata a Bune in ba tare da shi ba. Ke kin san ban taɓa tsallake maganarki ba. Na je jiya. Abin da ya faru shi zan ba ki labari, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Kin san yaronmu yana sitaj na sati huɗu, inda ake koya musu yadda za su tsare kansu da barikinsu daga ƴan ta'adda, an kuma karɓe musu salula. Na sa babbar rigata ta salla. Na sayi goro na rabon albishir, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, na cusa ƙunshin a ƙarƙashin riga don kada rana ta busar da shi. Wane mai hankali ne zai bar goro a rana? Da na doshi ƙofar sai na ga ganguna cike da rairayi, da layin fararen duwatsu, da wani allo mai rubutun Faransanci. Mu a karatunmu na manya Hausa kaɗai aka koya mana. Na tsallake duwatsun ina sauri, murna na tura ni, hannuna ɗaya dafe da ƙunshin. Wani soja ya ɗaga murya, na ɗaga masa ɗaya hannun ina gaishe shi, ban tsaya ba. Sai na ji ƙarar da bindiga ke yi idan an ɗana ta.

Hasken idona, ki yi tunanin mijinki tsaye a rana, ya yaye rigarsa har wuya a gaban yaran da bai fi a ce shi ya haife su ba. Suka sa na ajiye ƙunshin, na ja da baya taku ashirin. Ɗaya ya zo da doguwar sanda yana zungurar sa daga nesa kamar mai taɓa maciji, har tsumman ya warware, goro ya watse cikin rairayi. Babu wanda ya yi dariya. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Sai babbansu, wani ajidan mai furfura a gemu, ya matso ya tambaye ni katin shaida. Na bar shi a aljihun rigar garka. Ya ce to wa nake nema. Na ce ɗana. Ya ce sunansa. Nan bakina ya mutu. Ɗan fari ne fa. Sau ɗaya tak na furta sunan nan a duniya, a kunnen liman, shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Na ce dogo ne, baƙi, yana da tabo a gira. Na faɗi sunan da muke kiran sa da shi a gida, ajidan ya ce babu wannan a takardarsu. Ya dube ni ya ce, “Baba, tsoho mai abu a ƙarƙashin riga, ba kati, yana neman ɗan da bai san sunansa ba. Wallahi kai ne darasin da muka yi da safen nan.” Ya ce haka mugaye ke zuwa, da kamannin mai talla ko na dattijo, su ƙirga masu gadi su koma. Na ce ni manomin albasa ne. Ya ce su ma haka suke cewa.

Aka zaunar da ni a ƙasa. Rana ta take, ni kuwa ina auna abu biyu: kunyar da iyayena suka bar mini, da maganarki. Wanne zan karya? In na faɗi sunan, da wane ido zan dubi kaina? In ban faɗa ba, da wane ido zan dube ki? Sai ke kika zo mini a rai, kamar yadda kike zuwa duk sanda na rasa hanya. Kin tuna shekarar da muka shiga karatun manya, ni wajen maza, ke wajen mata? Kin tuna yammacin da kika kawo mini fura a garka, kika share rairayi da tafin hannunki a gindin dabino, kika rubuta sunana da yatsa, kika ce in na karanta zan sha, in na kasa ki koma da kwaryarki? Na yi gumi a kan baƙaƙe biyar, kina dariya har ɗankwalinki ya zame. Ban taɓa shan fura mai daɗin ta ranar ba.

Na share rairayin gabana, na rubuta sunan yaron da yatsa, na kawar da kai. Ajidan ya sunkuyo ya karanta. Sannan ya ce, “Ɗan fari ne?” Na ce shi ne. Ya dafe goshi ya ce tsohonsa ma har ya rasu bai kira shi da suna ba, amma wannan al'adar ba ta cikin littafin darasin da aka kawo musu. Shi da kansa ya tsince mini goron.

Da aka kawo yaron ban gane shi ba. Hular ƙarfe ta rufe masa goshi, ga wata riga mai nauyi a ƙirji, ya rame. Ya tsaya a bayan duwatsun, ni a gabansu. Ya soma durƙusawa zai gaishe ni, ya dubi ajidan, ya tsaya rabi da rabi, ba a tsaye ba, ba a durƙushe ba. Na dubi gefe na ce an sauka a Bune, mace. Ya sunkuyar da kai ya yi hamdala a hankali. Na roƙi ajidan kwana ɗaya rak. Na roƙe shi da furfurata, na ce umarnin uwarsa ne. Ya ce ba mai fita sai an gama, saura kwana goma sha bakwai, ko shi bai ga iyalinsa ba.

Ga wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai, shi ya sa na rubuto ta hannun Fannami direba maimakon in bugo. Yaron ya ce kada a faɗi inda yake a salula. Kada a nuna hotonsa da kakin soja a wurin taro. Idan maroƙi ya tashi kirari, kada ya ambaci aikinsa, a ce kawai ya yi tafiya. Na ce ranar da aka ɗauke ka soja har gidan mai gari muka kai labari, yau kuma mu ɓoye? Na tambaye shi wane ne maƙiyinmu a Bune, garin da muka ba goro muka karɓo mata. Ya ce shi ma bai sani ba, dalilin ke nan. Na juya wannan amsa tun jiya, ban ga gabanta ba, ban ga bayanta ba. Amma ya ce saboda Salima ne da jaririyar, don haka ina roƙon ki, ki ja kunnen mata, ke suke jin maganarki.

Da lokaci ya ƙure na ce to, tunda ba za ka zo ba, wane suna za a raɗa? Ya dubi ƙasa. Na sake tambaya, ya ƙara sunkuyawa. Har na fara jin haushi, ina cewa a raina ko wannan ma sirrin soja ne. Sai ya tsuguna ya rubuta a rairayi ta ɓangarensa. Rubutun ya juyo mini a kife, ba a kuma yarda in tsallaka ba. Na karkata kai ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sojoji na kallona. Da na kai na ƙarshe sai ga ki. Aisa. Sunanki ya zaɓa, shi ma bakinsa ba zai iya ɗaukar sa a gabana ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Na san dai na raba goron a hanya da rairayinsa, ina dariya, hawaye na zuba a gemuna.

To, sanyin zuciyata, ga ni a tsakiya. Kin ce kada in zo sai da shi, kuma ban samo shi ba. Na samo sunan kaɗai. Ya isa ya buɗe mini ƙofa? Wata zai iya hana tauraron da ke bin sa fitowa? Gidan nan ba ke ya zama kamar rijiyar da aka janye wa guga, ruwa na ciki amma ba mai sha. Tuwon da ƙanwata ke aiko mini yana sanyi ban taɓa ba. Ina son in ga jikata, amma in faɗa miki gaskiya, na fi son in ga fuskarki a lokacin da liman zai faɗi sunan, ki rasa inda za ki ɓoye ta.

Ranar Alhamis zan shigo motar Fannami da rago. Zan sauka a tasha in zauna a bakin masallaci, ba zan doshi gidan ba. Idan kin karɓi uzurina, ki aiko a kira ni. Idan ba ki karɓa ba, a zo a tafi da ragon, ni zan ji kiran sunan daga inda nake, domin ko daga bayan tudu aka faɗe shi kunnena zai kama.

Naki ne tun ina da baƙin gashi, naki ne yau, kuma naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Mijinki,
Inusa